Haruffan da ke kan murfin inji ba ado ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zan ɗan ja zance, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makonni uku da suka wuce.

Ni makanike ne. Na haura shekara talatin ina kwance inji ina ɗaurawa, kuma fiye da rabin shekarun nan a kan motocin gudu na yi su, irin waɗanda ake ƙera injinsu don ya yi juyi mai yawa ya ba da ƙarfi fiye da girmansa. Wani saurayi, sa'an ɗana na biyu, ya kawo mini motarsa yana cewa, "Baba, motar nan ta mutu a tsaye. Ina taka totur kamar ina taka katifa." Na buɗe bonet, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne wayar solonoyid, wato 'yar na'urar lantarkin da ke tura baƙin mai ya murɗa kamshaf, an cire ta an naɗe bakinta da baƙin salatif an soke ta a gefe. Na zaro sandar awon mai, na ga mai kauri kamar kwalta. Na tambaye shi wa ya yi wannan aiki. Ya ce wani ne ya duba masa, ya gaya masa wai wannan na'ura ƙarin wahala ce kawai, haruffan da aka rubuta a murfin inji, irin su VVT-i, kuma talla ce ta masu sayar da mota, inji zai yi aikinsa ko babu ita. Maganar nan ta yi mini zafi, domin ba a bakin mutum ɗaya na ji ta ba, kuma na san injuna nawa ta kai ƙasa.

Inji numfashi yake yi, kamar ni da kai. Kowace silinda tana da ƙofofin shigar iska da na fitar hayaƙi, su ne bawul. Abin da ke danna su su buɗe wata sandar ƙarfe ce mai tozaye, kamshaf, wadda ke juyi ɗaya duk lokacin da karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, ya yi biyu. Siffar tozon ita ke yanke hukuncin komai: yaushe ƙofa za ta buɗe, iya ina za ta buɗe, yaushe za ta rufe. A tsohon inji, ranar da aka sassaƙa tozon nan a masana'anta an gama magana, haka zai yi ta numfashi har ya tsufa, ko motar na tsaye a danja ko tana tsala gudu.

To ga inda gizo ke saƙar. Inji yana silo a wajen juyi 750 a minti, fistin na da kashi ɗaya cikin 25 na daƙiƙa ya sauka ya zuƙi iska. Idan injin ya kai juyi 9,000, lokacin ya koma kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa, kowane bawul kuma yana buɗewa ya rufe sau 75 a cikin daƙiƙa ɗaya. Lokacin zuƙar ya ragu sau goma sha biyu, amma silindar da za a cika girmanta bai ragu ba. Iska kuwa, duk da ba ma ganinta, tana da nauyi. Ba ta tashi da gudu nan take, kuma idan ta ɗauki gudu ba ta tsayawa nan take. Saboda haka a babban juyi, hikima ita ce a bar bawul ɗin shiga a buɗe har bayan fistin ya kai ƙasa ya fara hawowa, domin iskar da ta riga ta taho a guje za ta ci gaba da cusa kanta ciki. Haka kuma akan buɗe ƙofar shiga tun ta fita ba ta gama rufewa ba, don hayaƙin da ke ficewa da ƙarfi ya jawo sabuwar iska a bayansa. Amma ka yi wannan dabarar a ƙaramin juyi ka ga abin da zai faru. Iskar ba ta da gudun da za ta tura kanta, sai fistin ya maido da ita ta inda ta shigo, hayaƙi ya dawo ya gauraya da sabon mai, inji ya yi ta rawa yana tari, ɗanyen fetur na bin salansa.

Na san wannan da hannuna. A shekarun ƙuruciyata a sana'a, idan mai mota ya ce yana son gudu, mukan cire kamshaf ɗin da motar ta zo da shi mu sa mai manyan tozaye. Daga juyi 5,000 zuwa sama motar takan zama wata halitta daban. Amma a tsaye ba ta iya riƙe silo, sai direba ya riƙa taɓa totur kada ta mutu, tashi daga wuri ɗaya kuwa sai an ƙona kuloci. Ka sa ƙaramin tozo, mota ta yi ladabi a cikin cunkoso amma numfashinta ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Gaba kura baya sayaki. Injiniyoyi sun shafe shekaru da dama suna zaɓar tsaka-tsaki, tozon da bai gamsar da kowane ɓangare ba. Na'urar da aka cire wa saurayin nan waya, ita ce amsar wannan tsohuwar damuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ba filin tsere ne ya fara kawo ta kan titi ba. Motar kasuwa ta farko da ta zo da ita Alfa Romeo Spider ce ta ƙasar Italiya, a 1980, a cikin waɗanda ake kaiwa Amurka, inda dokar hayaƙi ta tsananta. Injiniya Giampaolo Garcea ya ƙirƙiro wata gaɓa a bakin kamshaf ɗin shiga, wadda matsin baƙin mai ke murɗawa. Matsayi biyu kawai gare ta, na ƙaramin juyi da na babba, amma hakan ya isa injin ya yi silo mai tsabta ba tare da an yanke masa ƙarfinsa na sama ba.

Honda kuwa wata hanya ta bi, kuma har gobe ina cire mata hula. A 1989 ta fito da Integra mai inji B16A, lita 1.6, mai ƙarfin doki 160, wato doki ɗari a kowace lita, babu turbo babu komai. A wancan zamani wannan lissafin motocin tsere ne. Sunan injiniya Ikuo Kajitani ake ambata a kan aikin, tsarin kuma shi ne VTEC. Maimakon tozo biyu a kan bawul biyu, sai aka sassaƙa uku: ƙanana biyu a gefe, babba ɗaya a tsakiya. A ƙaramin juyi ƙananan ne ke aiki, kowanne yana danna hannun ƙarfen da ke tura bawul ɗinsa, babban kuma yana danna nasa hannun shi kaɗai a banza. Idan juyi ya kai inda aka tsara, tsakanin 4,500 da 6,000 gwargwadon irin injin, kwamfutar mota takan buɗe wa mai hanya, matsin man ya tura wata 'yar sakata ta ratsa hannayen uku ta haɗe su wuri ɗaya, daga nan babban tozo ya karɓi mulki. Ƙofofin su buɗe da zurfi, su daɗe a buɗe. Kamshaf biyu ke nan a jikin sanda ɗaya, na ladabi da na gudu.

Ranar da na fara jin wannan sauyi ina zaune a kujerar gefe, ban manta ba. Muryar injin ta canza tsaf, daga gurnani ta koma wani siririn kuka mai kaifi, allurar juyi ta yi tsalle zuwa 8,000. Na sa aka tsaya, na buɗe bonet na tsaya ina kallo, domin abin da muke ɓata kwanaki muna yi da sifana, wannan injin ya yi shi da kansa a kan tafiya, kuma da muka dawo ya zauna yana silo lafiya lau. Gani ya kori ji. A 1990 injiniyoyin Honda suka sa VTEC a motar NSX, sannan a 1999 suka fito da S2000, lita biyu, doki 240 zuwa 250 gwargwadon ƙasar da aka kai ta, mai jan layi, wato iyakar juyin inji, a 9,000.

Sauran kamfanoni ba su zauna ba. Mitsubishi ta zo da MIVEC a 1992. A shekarar ce BMW ta sa VANOS a injinta M50, a kamshaf ɗin shiga kawai, kafin a tsakiyar shekarun 1990 ta sa shi a duka biyun a motar M3 mai lita 3.2 da doki 321. Porsche ta sa VarioCam a ƙirar 968, inda take wasa da sarƙar da ke haɗa kamshaf biyu. Toyota ta yi VVT-i, daga baya ta haɗa kai da Yamaha suka yi injin 2ZZ-GE na Celica mai sauya tozo irin na Honda, injin da har Lotus ta Ingila ta ɗauka ta sa a Elise. Ko Dodge Viper, mai tsohon tsarin kamshaf guda ɗaya a cikin inji, a 2008 an samo mata dabarar sanda cikin sanda, injinta mai silinda goma ya kai doki 600.

Ra'ayina a nan zai iya ɓata wa samari rai, amma zan faɗa. Wannan zabura da ake ji lokacin da tozo ya sauya, wadda matasa ke so kamar me, ita ce mafi ƙarancin abin da fasahar ta kawo. Babban alherin yana wurin wanda ba a ji, wato tsarin da ke murɗa kamshaf a hankali, gaba ko baya, digiri 40 zuwa 60 na juyin karanshaf, kowane lokaci gwargwadon nauyin ƙafarka da zafin inji da gudun mota. Shi ne ke ba ka ƙarfi a juyi 2,500 lokacin da kake son wuce babbar mota ba tare da ka sauko giya biyu ba. Shi ne ke barin ɗan hayaƙi a cikin silinda da gangan idan kana tafiya a natse, don zafin wuta ya ragu, gubar da ke fita ta salansa ta ragu. A injin turbo ma shi ke taimakawa iska ta wanke silinda ta tura turbo ya farka da wuri. Honda da kanta ta gane haka, shi ya sa a farkon shekarun 2000 ta haɗa hanyoyin biyu ta kira shi i-VTEC. BMW kuma a 2001 ta ƙara gaba da Valvetronic, inda zurfin buɗewar bawul ɗin ne da kansa ke auna iskar da za ta shiga, aikin da a da maƙogwaron totur ke yi. Fiat ta bi da MultiAir a 2009.

Wani abin lura, a tseren Formula 1 doka ta hana wannan fasaha ɗungurungum. Motar tsere tana rayuwa ne a saman juyi, direbanta ba ya tsayawa a danja, ba ya bin cunkoso. Wanda ke buƙatar inji mai numfashi iri-iri shi ne mutumin da zai tuƙa mota guda a hankali da safe, ya buɗe mata wuta a babbar hanya da yamma. Don shi aka yi ta.

Yanzu in dawo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kusan duk waɗannan tsare-tsare da baƙin mai suke aiki. A tsohon inji aikin mai shi ne santsi da sanyaya ƙarfe. A waɗannan injuna an ƙara masa aiki na uku, ya zama hannun da ke murɗa kamshaf. A cikin giyar da ke bakin kamshaf akwai ɗakuna da fukafukai. Kwamfuta takan umarci solonoyid ya tura mai ɗakin dama ko na hagu, fukafukan su juya, kamshaf ya bi su. Hanyoyin da man ke bi siraran gaske ne, wasu da ƙyar tsinken ashana zai shiga, a bakinsu kuma akwai 'yar raga mai ƙananan idanu da ke tace datti. Akwai kuma wata sakata da ke kulle giyar idan an kashe mota, har sai matsin mai ya dawo. Duk wannan an auna shi ne da mai mai wani kauri na musamman, wanda aka rubuta a littafin motar, sau da yawa har a kan murfin zuba mai: 0W-20, ko 5W-30, ko 5W-40 a wasu motocin gudu.

Ga yadda labarin motar saurayin nan ya kasance, kamar yadda na warware shi daki-daki. Ruwa ba ya tsami banza. An daɗe ana jinkirta juye, ana kuma sa matacin mai maras kyau, har datti ya taru ya toshe rabin ragar. Solonoyid ya fara nauyin motsi. Idan saurayin ya ɗaga ƙafa daga totur, kamshaf ba ya komawa mazauninsa da wuri, sai injin ya yi rawa kamar zai mutu. Da safe kuma akan ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani na daƙiƙa biyu ko uku, alamar sakatar kulle ta fara cinyewa. Fitilar gargaɗi ta kama. Wanda ya duba masa ya ji ƙara, sai ya zuba 20W-50 har da ƙarin wani sinadari mai yauƙi, don ƙarar ta lafa. Ta kuwa lafa, amma man ya ƙara kasa ratsa ragar, rawar inji ta ƙaru. Sai ya cire wayar, kamshaf ya kulle a matsayin silo, rawa ta tsaya. Ya liƙe fitilar da salatif ta ciki. A idon mai mota an yi gyara. A gaskiya kuwa an mayar da injin zamani ya koma mai tozo ɗaya, kuma tozon da aka bar shi da shi na tsayuwa ne, shi ya sa totur ya zama katifa, shan mai ya ƙaru.

Da na sa na'urar bincike, lambar P0011 na nan a ajiye, wadda ke nufin kamshaf ɗin shiga ya wuce gaba fiye da yadda aka umarce shi ko ba ya bin umarni, tare da P0010 da cire wayar ya haifar. Injin ya faɗi ciwonsa da bakinsa tun farko, ba a saurare shi ba ne. Na cire solonoyid na wanke shi, na gwada shi da batir na ji yana ƙyas-ƙyas yadda ya kamata. Na sauya ragar. Na auna matsin mai da geji, da sanyi da kuma bayan inji ya yi zafi, domin idan famfon mai ya gaji ko metal ɗin da karanshaf ke juyi a kai ya cinye, duk abin da ka sauya a sama aikin banza ne. Matsin ya yi daidai, na yi hamdala. Na sauke kaskon mai na kankare abin da ya daskare a ciki, muka yi juye biyu kusa da kusa da man da littafin ya ce. Giyar bakin kamshaf dai ba ta tsira ba, ramin sakatar ya riga ya faɗaɗa, dole aka sa sabuwa, aka sake ɗaura tayimin a kan alamominsa. Da muka fita gwaji ya taka totur a giya ta uku, sai ya juyo ya dube ni ya ce, "Baba, ashe haka take?" Shekara guda yana tuƙa motar bai taɓa sanin ainihin ƙarfinta ba.

Ba zan ɓoye ba, masu cewa tsohon inji ya fi sauƙin sha'ani suna da tasu gaskiyar. Kowace gaɓa da aka ƙara wuri ne da zai iya lalacewa. Robobin da ke riƙe matsin mai suna bushewa da shekaru, sensa na mutuwa, sarƙar tayimin na miƙewa ta rikita lissafin kwamfuta, kuma wanda bai da na'urar bincike zai yi ta lalube a duhu. Tsohon inji yakan yafe maka sakaci, wannan ba ya yafewa. Masu ƙera motoci ma sun san raunin dogaro da mai, musamman da sanyin safiya kafin ya yi zafi, shi ya sa tun 2006 Toyota ta sa ƙaramin injin lantarki yana murɗa kamshaf ɗin shiga a Lexus LS 460, Koenigsegg ta ƙasar Suwidin kuma ta daɗe tana gwajin injin da babu kamshaf a cikinsa sam, kowane bawul da abin da ke motsa shi. Amma motocin da ke hannun mutane a yau, mafi yawansu da mai suke murɗawa, kuma za su daɗe tare da mu. Ƙananan motocin gida ma yanzu da wuya ka buɗe bonet ba ka ga wannan solonoyid ba.

Kirana ga 'yan'uwana makanikai, musamman masu yara a ƙarƙashinsu: kada mu koya musu cewa mai mai kauri maganin kowace ƙara ne. Wannan ilimin zamanin kafireta ne, lokacin da tazarar da ke tsakanin ƙarafa ke da faɗi. Idan fitila ta kama, a karanta lambar kafin a taɓa sifana. Idan lambar ta nuna kamshaf, a fara da duba yawan mai da kaurinsa da tsabtarsa, sannan raga, sannan solonoyid, sannan matsin mai, kafin a ce wa mutum ya sayi giya ko sarƙa. Wanda bai gane tsarin ba, babu kunya ya ce a kai wa wanda ya sani, ni ma akwai injunan da nake turawa gaba. Masu mota kuma, ku buɗe littafin motarku ku ga lambar man da aka rubuta, ku tsaya a kanta, ku tsaya a wurin lokacin da ake juye ku ga abin da ake zubawa. Kada ku taka mota da ƙarfi tun inji bai yi zafi ba. A motoci da yawa kwamfutar ma ba ta yarda ta sauya zuwa babban tozo sai ruwan inji ya ɗumama.

Malam Edita, roƙona na ƙarshe gare ka shi ne, idan da hali, ku ware wani shafi ku buga hoton cikin wannan giya a buɗe, da fukafukanta da sakatarta da 'yar ragar nan, a yi bayaninsu da Hausa. Tsohuwar giyar motar saurayin tana nan a kan teburina, na raba ta biyu ina nuna wa yaran da nake koya wa aiki, kuma a shirye nake in aiko muku da hotunanta.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon makaniken motocin gudu